Winci mai aiki da batir: Yadda ake zaɓensa da ɗora shi a kan tirelar ɗaukar mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanya yana kallon ƙarti shida ko bakwai suna fama da tura matacciyar mota domin ta hau bayan tirela, ya san irin haɗarin da ke tattare da wannan aiki.

Idan ƙafar mutum ɗaya ta zame a tsakiyar matakala, motar baya za ta yi, kuma waɗanda ke tura ta su ne za su fara ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa masu sana'ar jigilar motoci a ƙasashe da dama suke ɗora wa tirelolinsu wata na'ura da ake kira winci, wadda ke janyo mota a hankali har ta hau, mutum ɗaya kuma yana tsaye a gefe da rimot a hannunsa.

Tirelar da ake magana a kai a nan ita ce ƙarama mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda a-kori-kura ko jif ke ja, kuma take ɗaukar mota ɗaya. Amma yawancin bayanan sun shafi motocin janwe masu shimfiɗaɗɗen baya su ma.

Bukatar na'urar a fili take a Najeriya da Nijar, inda da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Amurka waɗanda suka yi haɗari ne aka yi gwanjonsu, wasu kuma sukan iso tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano ba sa ko tashi.

Sai dai kuma wincin da aka zaɓa ba bisa ƙa'ida ba, ko aka ɗaure shi da ganganci, yana iya haddasa ɓarnar da ta fi wadda aka saye shi don kauce mata: igiya ta tsinke, ko waya ta kama da wuta, ko na'urar ta tumɓuke daga mazauninta.

Mene ne winci?

Winci ganga ce ta ƙarfe da ake naɗe igiya a jikinta, wadda injin lantarki ke juya ta.

Injin yana gudu sosai amma ƙarfinsa kaɗan ne. Saboda haka ake sa jerin giyoyi tsakaninsa da gangar, waɗanda ke rage gudun su mayar da shi ƙarfi. A nau'o'i da yawa, sai injin ya juya fiye da sau 150 kafin gangar ta juya sau ɗaya.

Akwai birki da ke riƙe gangar da zarar an ɗaga yatsa daga kan rimot, da hannun kuloci da ke sakin gangar domin a ja igiyar da hannu zuwa wurin mota, da kuma akwatin da ke kunna wuta yana juya akalar injin gaba ko baya.

A shekara ta 1916 ne wani bakanike mai suna Ernest Holmes ya ƙera motar janwe ta farko a birnin Chattanooga na jihar Tennessee a Amurka, bayan wahalar da shi da wasu mutane suka sha wajen fito da wata mota da ta faɗa rafi.

Kamfanin Warn, wanda Arthur Warn ya kafa a 1948, ya fitar da wincinsa na farko na ƙananan motoci a 1959. Shi da kamfanonin Ramsey da Superwinch suna cikin tsofaffin sunaye a wannan fanni, ko da yake mafi yawan masu sauƙin kuɗi da ake samu a kasuwa a ƙasar Sin ake ƙera su.

Wane irin ƙarfi ake bukata?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta ba ta tsaya ga nauyin motar kaɗai ba.

Winci ba ɗaga mota yake yi sama ba, janta yake yi. Abubuwa biyu ne ke yi masa turjiya: tudun matakalar da motar za ta hau, da kuma yadda tayoyinta ke gurzar ƙasa.

Masu aikin janyo motoci suna da wani lissafi da suka daɗe suna amfani da shi. Game da tudu, ana raba nauyin motar gida 60, sannan a ninka da yawan digirin karkatar matakalar.

Game da tayoyi kuwa, motar da ke gangarawa lafiya a kan kwalta tana bukatar kimanin kashi ɗaya cikin 25 na nauyinta. A kan ciyawa kashi ɗaya cikin bakwai ne, a busasshen rairayi kashi ɗaya cikin huɗu, a cikin taɓo kuma rabin nauyin.

A ɗauki misalin mota mai nauyin kilo 1,500 da matakala mai karkatar digiri 15. Tudun zai ci kilo 375, tayoyin kuma kilo 60, jimilla kilo 435 ke nan.

Amma idan motar ta yi haɗari, tayoyinta sun maƙale ko sun fashe, ja za a yi tana gurzar ƙarfe. A nan turjiyar tayoyin kaɗai tana iya kai wa kilo 1,000, idan aka haɗa da na tudun sai a doshi kilo 1,400.

Wato mota ɗaya, matakala ɗaya, amma aikin ya ninka sau uku. Kuma motocin da ke bukatar winci galibinsu irin waɗannan ne masu matsala.

Saboda haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ɗauki nauyin mota mafi nauyi da ake sa ran ɗauka, a ƙara masa rabinsa. Mota mai kilo 1,500 tana bukatar winci mai ƙarfin kilo 2,250.

A jikin yawancin nau'o'in winci da laba ake rubuta ƙarfin, irin awon Amurka, kuma laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Laba 4,500 kimanin kilo 2,040 ne, laba 9,500 kimanin kilo 4,300, laba 12,000 kuma kimanin kilo 5,440.

Wanda ƙananan motoci irin su Corolla da Golf kawai zai riƙa ɗauka, mai laba 5,000 zai ishe shi. Wanda kuwa Hilux mai nauyin kusan tan biyu, ko Land Cruiser mai kusan tan biyu da rabi za su riƙa biyowa ta hannunsa, sai ya nemi mai laba 8,000 zuwa 9,500.

Ƙaramin wincin da ake yi domin babura masu ƙafa huɗu, mai laba 2,000 ko 2,500, arharsa kan ja hankalin mai saye. To amma Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Lambar da ke jikin kwali

Akwai abin da ba kowane mai sayarwa ne ke bayyana shi ba. Ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali ana samunsa ne kawai lokacin da igiya ke naɗuwa a shimfiɗar farko, wadda ke manne da jikin ganga.

Duk lokacin da igiya ta hau kan 'yar'uwarta aka shiga shimfiɗa ta biyu, gangar ta ƙara kauri ke nan, ƙarfin jan kuma ya ragu. A shimfiɗa ta huɗu, wasu nau'o'in kan rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu, ko ma fiye.

Wannan ya fi shafar mai tirela, domin tazarar da yake ja gajera ce. Tirelar ɗaukar mota ba ta cika wuce mita biyar zuwa shida ba, alhali wani wincin yana zuwa da igiya mai mita 25 ko 30.

Ma'ana, kusan duk aikin a shimfiɗun sama ake yin sa, inda ƙarfin ya fi ƙaranci. Wasu kan magance haka ta hanyar sa gajeriyar igiya mai kimanin mita 15.

Wata dabarar ita ce amfani da fuli, wato wilin nan mai kwari da igiya ke bi ta kansa, irin wanda ake ratayawa a bakin rijiya domin jan guga.

Ana maƙala fulin a jikin motar, igiya ta zagaya ta cikinsa, sannan a dawo da ƙugiyarta a ɗaure a wani ƙaƙƙarfan wuri a gaban tirela. Wannan na ninka ƙarfin jan kusan sau biyu, ya rage saurin da rabi, ya kuma sauƙaƙa wa inji da batir.

Inji da giya

Injinan winci iri biyu ne. Akwai mai maganaɗisu, wanda ba ya shan wuta sosai kuma ya fi arha, amma ƙarfinsa kan ragu idan ya ɗauki zafi. Shi ake sa wa ƙananan nau'o'i.

Akwai kuma wanda naɗin waya ne ke samar masa da maganaɗisun. Ya fi shan batir, amma ya fi jure aiki mai nauyi, kuma shi ya fi dacewa da wanda jigilar motoci ce sana'arsa ta yau da kullum.

A ɓangaren giya, mafi yawa suna amfani da wasu ƙananan giyoyi da ke zagaya wata ta tsakiya. Irin wannan yana da sauri, ba shi da nauyi, kuma birki ne ke riƙe masa kaya.

Ɗaya nau'in kuma giyarsa kamar sukuru take. Yana da nawa, amma ba ya komawa baya da kansa, shi ya sa ya fi aminci wajen sauke mota a hankali, kuma ake yawan ganinsa a motocin janwe.

Winci mai batir ba a yi shi don ya daɗe yana aiki ba tare da hutu ba. Idan injin ya yi zafin da ba za a iya ajiye hannu a kansa ba, sai a tsaya ya huce. Idan kuma ya cije ya daina juyawa, a saki rimot nan take, domin 'yan daƙiƙoƙi sun isa su ƙone shi.

Igiyar ƙarfe ko ta zare?

Igiyar ƙarfe ita aka fi sani. Tana da arha, tana jure gurzar gefen ƙarfe da tsakuwa, kuma zafi bai dame ta ba.

Aibinta shi ne nauyi, da tsatsa, da kuma silin wayoyin da kan karye su tsaya kamar ƙaya suna yanka hannu. Idan ta lanƙwashe wuri ɗaya, wannan wurin ya raunana ke nan har abada. Idan kuma ta tsinke tana ɗauke da nauyi, takan yi bulala da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Igiyar zare ana saƙa ta ne da wani nau'in roba mai tsananin ƙarfi, wanda mafi shahararsa shi ne Dyneema da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya ƙirƙiro. Ƙarfinta ya kai na igiyar ƙarfe mai kauri ɗaya da ita, ga shi ba ta da nauyi har tana iya yawo a kan ruwa, kuma bulalarta ba ta kai ta ƙarfe muni ba.

Sai dai tana da abokan gaba uku: kaifin ƙarfe, da zafi, da rana. Takan fara rauni idan zafi ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, ta kuma narke a wajajen digiri 150. A nau'o'in da birkinsu ke cikin ganga, sauke mota mai nauyi na dogon lokaci kan dumama gangar har ya taɓa igiyar.

Rairayi ma kan shiga tsakanin zarurrukanta yana cinta daga ciki, saboda haka tana bukatar wanki da ruwa lokaci zuwa lokaci.

Ga tirelar da ke kwana a rana, take kuma ɗaukar motocin da suka yi haɗari masu yagaggen ƙarfe, igiyar ƙarfe ta fi daɗewa. Wanda ya zaɓi ta zare sai ya tanadi murfin da zai rufe wincin.

Kowace igiya da irin ƙofar da take bi kafin ta shiga ganga. Ta ƙarfe tana bukatar ƙofa mai ƙarafa huɗu masu juyawa, ta zare kuma ƙofar alminiyam mai santsi. Idan aka sa igiyar zare a tsohuwar ƙofar da igiyar ƙarfe ta riga ta karce, ba za ta daɗe ba.

A Turai akwai ƙa'idar da ake kira EN 14492-1, wadda aka fitar a 2006, da ta tanadi cewa igiyar wincin janyo mota ta iya jure aƙalla ninki biyu na ƙarfin wincin kafin ta tsinke.

Inda za a ɗora shi

Wurin winci shi ne can gaban tirela, a tsakiya daidai, yadda igiya za ta miƙe ɗoɗar zuwa bayan tirelar. Idan ya karkata gefe, igiyar za ta riƙa taruwa a ɓangare ɗaya na ganga har ta cushe.

Babban kuskure shi ne ɗaure shi a jikin katakon daɓen tirela ko siririn falanƙin ƙarfen da aka shimfiɗa a kai. Duk ƙarfin da wincin ya ja mota da shi, da irinsa yake jan mazauninsa.

Abin da ya kamata shi ne a sami farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita shida, a haɗe shi da ƙashin tirelar kansa, wato manyan ƙarafan shasi. Idan babu ƙarfen da ya gitta a wurin, sai ƙwararren mai walda ya ƙara.

Dole farantin ya kasance a shimfiɗe sumul. Idan yana da lanƙwasa, ɗaure wincin a kai zai murɗe jikinsa, gangar ta riƙa cijewa.

Yawancin nau'o'in da ke tsakanin laba 8,000 da 12,000 suna da huji huɗu a ƙasansu, masu tazarar milimita 254 a tsawo da milimita 114 a faɗi. Ana ɗaure su da ƙusoshi masu noti na milimita 10, waɗanda aka buga wa lamba 8.8 ko sama da haka a kansu. Ƙusar da ba ta da lamba a ka, ba a san ƙarfinta ba.

Shi wincin kansa ba a yi masa walda. Faranti ake yi wa, sannan a ɗaure wincin a kai yadda za a iya kwance shi don gyara.

Tsayin mazaunin ma abin lura ne. Idan ya yi ƙasa da yawa, igiya za ta riƙa gurzar ƙarshen daɓen a lokacin da motar ke ƙasan matakala. Idan ya yi sama da yawa, za ta taɓa bambar ƙananan motoci. Wasu kan sa ƙarfe mai juyawa a ƙarshen daɓen domin igiyar ta bi ta kai.

Akwai masu ɗora wincin a kan mazaunin da ake zarewa a ajiye a gida, abin da ke kare shi daga ɓarayi da ruwan sama. Wanda ya bar nasa a jikin tirela kuma yana iya sa notin da ba a kwance shi sai da makullinsa.

A kuma tuna cewa babban winci mai igiyar ƙarfe yana kai wa kilo 35 zuwa 40, ga batir mai fiye da kilo 20. Duk wannan nauyi a wuyan tirela yake sauka, kuma ƙugiyar motar da ke ja tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Batun wuta

A nan ne aka fi samun matsala. Winci mai laba 9,000 yana iya jan fiye da ampiya 400 idan yana aiki da dukkan ƙarfinsa, wato fiye da abin da kik ɗin ƙaramar mota ke ja, kuma na tsawon lokaci.

Soket ɗin da ke kai wuta ga fitilun tirela ba zai iya wannan ba. Siririyar wayar da ke cikinsa ampiya 30 zuwa 40 ce iyakarta, amfaninta kawai cajin batir a hankali a lokacin tafiya.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a ajiye wa wincin batirinsa a kan tirela, kusa da shi, cikin akwati mai hujin shan iska, domin batir mai ruwan asid yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji. An fi son batirin da aka yi don ya jure zuƙewa da sake caji, irin na sola.

Fa'idar wannan hanya ita ce wayoyin gajeru ne, kuma kowace mota za ta iya jan tirelar. Ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji kan iya riƙe batirin a cike tsakanin aiki da aiki.

Hanya ta biyu ita ce a ja manyan wayoyi daga batirin motar da ke jan tirelar har zuwa bayanta, a sa musu babban filogi da ake zarewa, irin wanda ake kira Anderson. A nan sai a bar injin motar a kunne yayin aiki domin altaneta ta riƙa taimakawa.

Kaurin waya shi ne komai a wannan hanya. A ce tazarar mita bakwai ce, zuwa da dawowa mita 14. Idan wincin na jan ampiya 300, wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 35 za ta zubar da kimanin volt biyu daga cikin 12. Mai milimita murabba'i 16 kuwa fiye da volt huɗu da rabi za ta zubar.

Wutar da ta zube zafi take komawa a jikin wayar, injin kuma ya rasa ƙarfi ya ɗauki zafi. Don haka ga doguwar tazara an fi son mai 50.

Akwai wayoyin da cikinsu alminiyam ne aka shafa musu tagulla a sama. Ba su kai na tagulla zalla ɗaukar wuta ba, ana kuma gane su da rashin nauyi, da farin da ke bayyana idan aka kankare bakinsu.

Baƙar waya ta koma kan batir kai tsaye, kada a dogara da jikin shasi ko ƙugiyar tirela. Jar waya kuma a sa mata fiyus ko makatsar wuta daidai ƙarfin wincin, kusa da batir, tare da babban makunnin da ke yanke wutar baki ɗaya idan ba a aiki.

Dalili shi ne, jar wayar da ta gurje ta taɓa shasi ba tare da kariya ba tana iya tayar da gobara cikin ƙiftawar ido. Duk inda waya za ta ratsa hujin ƙarfe a sa mata zoben roba, a nisanta ta da salansa, a kuma ɗaure ta kada ta riƙa lilo.

Wajen haɗawa, ja ake fara ɗaurawa a batir, baƙa ta zo ƙarshe. Wajen cirewa kuma baƙa ake fara cirewa.

Ƙananan motoci da volt 12 suke aiki, manyan motoci kuma galibi da 24. A tabbatar wincin da aka saya ya dace da wutar da za a ba shi. Wanda bai saba da wannan aiki ba, gara ya kira mai gyaran wayarin mota.

Zafi da ƙura

A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Batir mai ruwan asid kuwa rayuwarsa kan ragu da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da digiri 25.

Saboda haka akwatin batir na bukatar inuwa, ruwansa kuma a riƙa duba shi. Cikakken batir yana nuna kimanin volt 12.6, idan ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi, kuma yawan zuƙe shi ƙasa da haka na kashe shi da wuri.

Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne ke lalata akwatin makunni. A jikin wasu nau'o'in za a ga alamar IP67. Lamba shida na nufin ƙura ba ta shiga, bakwai kuma na nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a.

Ɗora mota

Sabuwar igiya a sake take zuwa a jikin ganga. Kafin aikin farko, a warware ta, a sake naɗe ta tana ɗauke da matsakaicin nauyi, kamar jan mota a ɗan ƙaramin tudu. Idan ba a yi haka ba, shimfiɗar sama za ta nutse cikin ta ƙasa ta murƙushe ta.

Ba a warware igiya har ƙarshe. A bar aƙalla zagaye biyar na igiyar ƙarfe a jikin ganga, na zare kuma kamar goma, domin ɗan sukurun da ke riƙe bakinta ba zai iya ɗaukar nauyi ba.

Lokacin ɗora mota, tirela ta kasance a haɗe da motar da ke janta, a wuri mai lebur, an ja hanbirki, an kuma sa waigi. Tirelar da ba a haɗe take ba, gabanta kan ɗaga sama da zarar nauyi ya hau bayanta.

A maƙala ƙugiya a wurin da kamfanin motar ya tanada. Motoci da yawa suna da zoben ja da ake murɗawa a wani huji a bayan ƙaramin murfi a jikin bamba, kuma a motocin Volkswagen da Audi da dama hagu ake murɗa shi. Ba a ɗaura igiya a bamba, ko sandar sitiyari, ko ƙarafan ƙafar mota masu lanƙwashewa.

A sa motar a firi, a buɗe makullin sitiyari, a saki hanbirki bayan igiya ta ɗauki nauyi. Motoci masu giyar otomatik da batirinsu ya mutu galibi suna da wani ɗan maɓalli a ɓoye kusa da sandar giya da ke sakinta. Motoci masu aiki da lantarki kuma suna da tsarin jigila na musamman da littafinsu ya bayyana.

Mai rimot ya tsaya a gefe inda yake ganin igiya da mota, da safar hannu ta fata. Kada kowa ya tsaya a bayan motar, ko tsakaninta da winci, ko ya tsallake igiya tana ɗauke da nauyi. Yara da 'yan kallo a kore su nesa.

Ana jefa bargo mai nauyi ko tsohuwar tabarmar mota a tsakiyar igiya, domin ya danne ta idan ta tsinke. Ba a taɓa hannun kuloci matuƙar akwai nauyi a kan igiyar, haka kuma ba a kai yatsa kusa da ƙofar igiya lokacin da take naɗuwa.

Bayan mota ta hau

Aikin winci ya ƙare da zarar mota ta daidaita a kan tirela, da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin a gaban tayoyin tirelar, domin nauyin da ya koma baya shi ke sa tirela rawa a kan hanya.

Birkinsa ba a yi shi don ya riƙe mota a doguwar tafiya mai ramuka ba. Dokar jigilar kaya ta tarayyar Amurka ta wajabta ɗaure duk motar da nauyinta bai wuce kilo 4,536 ba ta gaba da ta baya, da maɗauri aƙalla biyu. Masu sana'ar galibi huɗu suke sawa, ɗaya a kowace kusurwa, na bel ko na sarƙa.

Bayan an ɗaure, a ja hanbirkin motar, a sassauta igiyar winci kaɗan, a kashe babban makunni, a cire rimot. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci a tsaya a sake matse maɗauran.

Haka kuma wincin jan mota ba na ɗaga kaya sama ba ne, balle ɗaga mutum, ko da kuwa nauyin bai kai ƙarfinsa ba.

Game da kulawa, a riƙa duba igiya daga farko har ƙarshe, a canja ta idan ta lanƙwashe, ko silinta sun karye, ko zarenta ya fara tsagewa. A sake matse ƙusoshin mazauni bayan ayyukan farko, a goge kan batir, a kuma kunna wincin na ɗan lokaci ko da sau ɗaya a wata idan ba a amfani da shi, domin giris ya zagaya, danshin da ya taru a cikin injin kuma ya bushe.